Wanda Ya Riƙe wa Tunau Igiya

Ku matso kusa, ku rage murya. Wanda ya san ba zai iya ratsa tsakar gida shi kaɗai bayan an gama ba, gara ya tashi tun yanzu, don ni ba na rakiya.

A ƙasar Zangarma, can bayan duwatsun da ayari ke kwana tara kafin ya ƙetare, akwai wani tafki da ake kira Tafkin Na'am. In kuka tambayi fatake dalilin sunan, za su ce ai wani dutse ne a gefen ruwan yake mayar da murya. Fatake ke nan, komai sun sani, alhali ko takalmi ba su taɓa cirewa a bakin tafkin ba. Masunta kuma za su ce wani kifi ne a ciki mai bakin mutum. Su ma ku ƙyale su, rana ce ta yi masu yawa a ka. Wanda na ji daga bakin tsofaffi shi ne wannan, kuma shi ne ba a son faɗa.

Da can babu tafki a wurin. Kwari ne mai faɗi, a tsakiyarsa ƙauye, ana ce masa Kwarin Baure. A ƙauyen akwai wani mai haƙar rijiya, sunansa Tunau. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma magana ba ta dame shi ba. Sai ya yini bai ce uffan ba. Shekara talatin yana haƙa, kuma duk shekarun nan mutum ɗaya ne ke riƙe masa igiya, wansa Barmo. Tunau a ƙasa, Barmo a sama.

A sana'arsu akwai ƙa'ida guda da ubansu ya koya masu da tsumagiya. Wani lokaci akan samu muguwar iska kwance a ƙasan rami. Ba ta wari, ba a ganinta. Mutum sai dai ya ji wani barci mai daɗi, ya jingina da bango, shi ke nan. Saboda haka duk kwandon ƙasar da ya hau, na sama zai leƙo ya kira sunan na ƙasa, na ƙasa kuma ya amsa nan take. Ba tunani, ba jinkiri, ko da ƙasa ce cike da bakinsa. In aka kira sau uku aka ji shiru, sai a janyo shi. Abin ya bi jikin Tunau har ya zamana ko barci yake aka kira sunansa, bakinsa kan amsa kafin idonsa ya buɗe.

Sai fari ya zo. Damina biyu a jere sama ba ta zubar da ko ɗigo ba. Rijiyoyin da 'yan'uwan nan biyu suka haƙa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. A bazara ta biyu tari ya kama Barmo, ya yi kwana shida, ya cika. Tunau ne ya haƙa masa kabari, kuma shi ne rami na farko da ya haƙa a rayuwarsa ba tare da an kira shi daga sama ba.

Bayan wata ɗaya mutanen ƙauye suka ɗaure kaya. Tunau yana da 'ya ɗaya tak a duniya, Yalwa, tana aure a nan cikin ƙauyen da 'ya'yanta biyu. Ranar tafiya ta same shi a gindin babban bauren da ke tsakiyar kwarin. Ya riga ya zana da'ira a ƙasa, dagin haƙarsa a hannu.

"Baba, ka tashi mu tafi."

"Akwai ruwa a nan."

"Baba, bauren nan ya bushe."

"Reshen gabas bai bushe ba."

Ta ɗaga kai ta duba. Ganye ne guda biyar ko shida, duk sun yi yaushi.

"To wa zai riƙe maka igiya?"

Ya kafa dagin a tsakiyar da'irar. Ta gyara goyonta, ta share ido da gefen mayafi.

"Ayari zai tsaya a Zangon Ƙaya sai an ga sabon wata. Daga nan za mu shiga rairayi. Ka san wanda ya ƙetare rairayin nan ba ya dawowa. In ka samu ruwa, ka hau dutsen can ka yi hayaƙi. Kullum zan duba."

"To."

"Baba, to kawai?"

"Allah ya kiyaye hanya."

Yana sonta kamar ransa, kuma yana so ya faɗa mata. Amma mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a cikin rami bai san ta inda ake fara irin wannan magana ba. Ta ajiye masa tulu biyu na ruwa da 'yar jakar garin gero, ta bi bayan jakuna. Ya tsaya yana kallo har suka shige tsakanin duwatsu.

Kun taɓa ganin garin da aka watse aka bari? Ba na yi maku fata. Ƙofofi a buɗe. Turmi a kife a tsakar gida. Wani ɗaki an bar tabarma a shimfiɗe, kamar mai ita ya zaga bayan gida ne. Babu kaza, babu kare. Bayan kwana uku ko ƙuda Tunau ya daina gani.

Ya fara haƙa. Haƙar rijiya mutum ɗaya wahala ce da ba ta da suna. Zai sara ƙasa da dagi ya cika kwando, ya ɗaura masa igiya, ya hau ta matakan da ya sassara a jikin bango, ya janyo kwandon, ya zubar, ya sake sauka. Aikin da su biyu kan gama kafin hantsi, shi sai ya yini a kansa. Ruwa ludayi uku yake sha a rana. Kwana ashirin ya yi haka, zurfin gaba shida kawai ya samu, wato faɗin hannu biyu a miƙe sau shida, kuma ƙasar tana nan a bushe ƙurmus.

Amma ba ƙishirwa ce ta fi cin ransa ba. Shirun bakin rijiyar ne. Duk lokacin da kwando ya cika, sai ya ga ya tsaya, ya ɗaga kai, yana jira. Sai ya tuna. Wata rana kewa ta ishe shi, ya buɗe baki ya kira sunan kansa a cikin ramin, don dai ya ji yadda yake. Kunya ta kama shi, ya waiga, alhali ya san babu kowa.

Rana ta ashirin da ɗaya, rana ta take tsaka. Inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Ya hauro don ya ja kwando, sai ya tarar da mutum zaune a kan gungumen da ya gitta a bakin rijiyar.

Dogo ne, siriri, ya yafa wani tsohon shuɗin mayafi. Fuskarsa irin wadda kake mantawa da zarar ka juya baya.

"Sannu da aiki," in ji baƙon.

"Yauwa, sannu." Muryar Tunau ta fito a shaƙe, don ta daɗe ba ta yi aiki ba. "Daga ina?"

"Daga nan kusa."

Tunau ya san babu wani kusa. Tafiyar kwana biyu ko ta ina ka bi, babu mai rai.

"Na ga ba ka da na sama."

"Ya rasu."

"Zan riƙe maka."

"Ruwana kaɗan ne. Ba zai ishe mu ba."

"Ba ƙishirwa ta kawo ni ba." Baƙon ya ɗauki igiyar, ya shafa ta a tafin hannu. "Yaya sunanka?"

To, a Zangarma ko yaron da aka yaye jiya ya san ba a ba baƙon tsakar rana suna. Da manomi ne, da ya ce sunansa Bawan Allah ya wuce. Da makiyayi ne, da ya kaɗa dabbobinsa ya yi gaba. Amma Tunau mai haƙar rijiya ne. A wurinsa ba a shiga rami a ƙarƙashin mutumin da bai san sunanka ba. Wannan ko tunaninsa ba a yi.

"Tunau."

"Tunau," baƙon ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Ya sauka. Ya sara, ya cika kwando, ya girgiza igiya. Kwandon ya tashi sumul, ko karo da bango bai yi ba. Sai kai ya leƙo a da'irar hasken da ke sama.

"Tunau!"

"Na'am!"

Kafin ya ankara hawaye na bin kumatunsa, suna wanke jar ƙasa. Babba da shi, mai furfura, yana kuka a cikin rami don an kira sunansa. Ya goge fuska da damtse, ya ɗauki dagi.

Ranar gaba biyu ya haƙa. Kwando na hawa, kwando na dawowa, kira na zuwa, yana amsawa. Da inuwa ta fara tsawo sai igiya ta daina motsi. Ya hauro. Babu kowa. An naɗe sauran igiyar tsaf, an ajiye a kan gungume.

Sai ya ga sawun.

Sawun ƙafar mutum ne, ba takalmi, dogo. Kuma a jiƙe yake. A ƙasar da ta shekara biyu ba ta ga ruwa ba, kowane taku ya bar ɗan ruwa kwance a gurbin diddige. Tururuwa sun kewaye shi suna sha. Tunau ya tsuguna, ya dangwala yatsa, ya kai harshe. Sanyi ƙalau, kuma da garɗi. Ya bi sawun don ya ga inda ya fito. Daga bakin rijiyar ya faro. Ya zagaye ta sau da yawa. A bakin rijiyar ya ƙare.

Tunau ya zauna a wurin. Ya gane ba ɗan Adam ne ke riƙe masa igiya ba. Ya ji tsoro, tsoro na gaske. Ya ƙirga da yatsa, saura kwana takwas a ga wata. Shi kaɗai, kafin lokacin ko gaba uku ba zai ƙara ba. Wannan shi ne dalilin da ya faɗa wa kansa. Akwai dalili na biyu da bai yarda ya faɗa ba: yana so gobe ma a sake kiransa.

Ya ɗebi ƙasa ya rufe sawun, ya yi kamar bai gani ba.

Washegari, inuwa na shigewa ƙarƙashin ƙafa, baƙon na zaune a kan gungume. Ba su yi doguwar gaisuwa ba. Tunau bai kalli ƙafarsa ba. Haka jibi, haka gata. Suka wuce jar ƙasa, suka wuce tsakuwa, suka fasa marmara. Bakin rijiyar ya yi ta ƙanƙancewa a sama har ya koma kamar faifai.

A rana ta huɗu cikin takwas ɗin ya lura da muryar.

Kiran da ya fito daga bakin rijiya yana da hanyarsa. Yakan gangaro, ya bugi bango, ya iso da ɗan kauri. Tunau ya san wannan kamar yadda ya san tafin hannunsa. Wannan kiran bai gangaro ba. A jikin bango ya fito, daidai kunnensa na hagu. Ya ɗaga kai. Kan baƙon na can sama, ya leƙo, baƙi a cikin haske.

"Tunau."

"Na'am."

Rana ta biyar muryar na daidai ƙirjinsa. Rana ta shida, daidai gwiwa. Ƙasar ta koma yumɓu mai sanyi, tana manne wa dagi. Ruwan tulunsa ya ƙare, ya koma tsotsar yumɓun. Da yamma yakan hau ya zauna yana duban duwatsun da Yalwa ta shige, ba ya ganin komai sai rawar zafi.

Rana ta takwas, ranar da za a duba wata, dagi ya yi ƙara ya dawo masa a hannu. Ya share ƙasa da tafi. Dutse ne baƙi, shimfiɗaɗɗe, santsi gare shi, ya cika gindin rijiyar daga bango zuwa bango. Ya sara da dukkan ƙarfinsa. Ko ƙwarzane bai yi ba. Ya sake. Bakin dagin ya lanƙwashe.

Ya durƙusa a kan dutsen, ya dafa shi da hannu biyu. Gaba goma sha bakwai, kuma ga inda ya ƙare.

"Tunau."

Daga ƙarƙashin dutsen.

"Na'am."

Bakinsa ya riga shi. Kansa a sunkuye, ƙasa ya amsa wa. Ya ji an zare wani abu siriri daga maƙogwaronsa, kamar zare. Dutsen ya fara gumi a ƙarƙashin tafinsa.

 Can ya ce, "Kai ne a sama, ko kai ne a ƙasa?"

"A ƙasa nake. Wancan don igiya ne kawai."

"Me na yi maka?"

"Ba ka yi mani komai ba."

"To me kake nema?"

 Da muryar ta dawo, ba tsawa a cikinta, ba barazana. Muryar wanda ya gaji ce.

"Tun kafin bauren nan ya tsiro nake kira a nan. Na kira saiwa. Na kira gara. Babu mai amsawa. Sai ku biyu kuka zo kuna haƙa a bisa kaina. Ɗaya ya kira, ɗaya ya amsa. Shekara talatin ina saurare. Ban taɓa jin abu mai daɗi kamarsa ba."

Tunau ya kara kunne a jikin dutsen.

"Sai na ji shiru. Na jira. Rannan na ji ka kira kanka."

Abin da ya fi muni shi ne, Tunau ya ji tausayinsa. Tsoron na nan, amma tausayin ya danne shi. Ya san irin wannan zaman.

"Ruwa na ƙarƙashina," in ji muryar. "Mai yawa. Ka amsa mani sau uku a kan dutsen nan, in buɗe. Ka riga ka yi ɗaya."

"In na cika ukun fa?"

"Ruwa naka. Amsa tawa."

"In na ƙi?"

"Ga matakai nan. Ba zan riƙe ka ba."

Tunau ya ɗaga kai ya dubi ɗan hasken da ke sama. In ya hau yanzu, Zangon Ƙaya tafiyar kwana biyu ce, ba shi da ruwa ko kurɓi ɗaya, kuma gobe da asuba ayari zai shiga rairayi. Ya tuna Yalwa tana fitowa bayan zango kullum, hannu a goshi, tana duban dutse. Sai ya auna abin da aka nema a wurinsa. Amsa. Kalma ɗaya. Ya faɗe ta sau dubu dubbai a rayuwarsa, bai taɓa jin ta ragu ba. A ganinsa an yi masa araha.

"Kira," ya ce.

"Tunau."

"Na'am."

Dutsen ya tsage daga gefe zuwa gefe. Sanyi ya huro ta tsagar, da ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Maƙogwaronsa ya yi fayau, kamar an share ɗaki.

Kira na uku ya zo a hankali, yadda ake kiran mutumin gida ya zo ya ci tuwo.

"Tunau."

Ya rufe ido.

"Na'am."

Igiyar ce ta fara faɗowa. Gaba ɗayanta ta zubo masa a ka, don babu mai riƙe da ita a sama. Sai dutsen ya nutse a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya yi tsalle ya kama matakin farko. Ruwa ya taso baƙi ƙirin, ba ƙara, ba kumfa. Yana hawa, ruwan na lasar diddigensa. Yumɓun bango ya jiƙe, matakai suka fara narkewa. Wani ya ɓalle a hannunsa, ya zame, ruwa ya kai masa ƙugu. Ya kafa farce a bango har jini ya fito. Bai san yadda ya ƙarasa ba. Ya dai ga hannunsa a kan gungume, ya mirgina waje, ruwan ya biyo shi ya malala a ƙasa.

Babu baƙo. Shuɗin mayafin ne kaɗai a yashe, ruwa ya ɗauke shi yana juyawa.

Ya kwanta rub da ciki ya sha har cikinsa ya yi nauyi. Sai ya ga ruwan ba shi da niyyar tsayawa. Ya ruga ɗakinsa ya ɗauki ƙyastu, ya fizgi bunun rufi iyakar abin da zai iya ɗauka, ya nufi dutse. Yana hawa yana waiwaye. Ruwa ya shiga tsakar gidaje. Turame suka tashi suna yawo. Katangu suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Ya ga lokacin da ruwan ya rufe kabarin Barmo, ya ga lokacin da ya kai wa bauren wuya.

A kan dutse ya kunna bunun, ya tara busasshen kashin shanu ya zuba. Hayaƙi ya tashi, amma rana ta riga ta yi ƙasa. Kafin ya yi kauri sosai, ga jinjirin wata can yamma, siriri kamar yankan farce.

Ta gani? Ba ta gani ba? Babu wanda zai tambaya.

Kwana uku ya yi a kan dutsen yana ciyar da wutar nan. Da bunu ya ƙare ya koma ƙirare, da ƙirare suka ƙare ya sa rigarsa. A ƙasa ruwan ya kwanta, ya cika kwarin daga dutse zuwa dutse, shuɗi, faɗinsa ya fi ƙarfin ido. Tsuntsaye suka fara zuwa. Ko godiyar Allah a zuci ya yi ta, don haka ya saba. Mutumin da ba shi da abokin magana, yaushe zai gane ya rasa wani abu?

Rana ta uku da hantsi ya hango su. Jakuna a jere, mutane a baya. A gaban kowa, da tazara, mace ce da goyo, tana gudu tana tuntuɓe. Ta gani. Ashe ta gani.

Ya gangaro daga dutsen, duwatsu na yankar ƙafarsa bai ji ba. Suka haɗu a bakin ruwa. Ta tsaya taku goma daga gare shi, tana haki, tana kallon ruwan, tana kallon ubanta da ya koma ƙashi da fata.

"Baba!"

Ya buɗe baki.

Babu abin da ya fito. Ko iska.

Sai daga tsakiyar tafkin, can inda bauren yake a da, murya ta taso a kan ruwa. Muryar Tunau ce, sak, da 'yar shaƙewarta.

"Na'am."

Yalwa ta juya ga ruwan. Ta ba ubanta baya, ta duba can nesa. Ta sake juyowa ta dube shi. Bakinsa har yanzu a buɗe, hannunsa a maƙogwaro.

"Baba?" ta ce, a hankali wannan karon.

"Na'am," in ji ruwan.

Mutanen da suka iso suka ja da baya. Wata tsohuwa ta toshe wa jikanta kunne. Yalwa ce kaɗai ta ƙarasa, ta kama hannun ubanta biyu, ta riƙe, tana kuka. Shi kuma yana ta gyaɗa mata kai, yana ta gyaɗawa, don shi ne abin da ya rage masa.

Sun gina sabon gari a bakin ruwan. Sun yi noma, sun yi su, 'ya'yan Yalwa suka girma da ƙiba. Kowa ya san albarkacin wa yake ci, kuma ba su raina shi ba. Ana kai masa tuwo, ana ba shi wuri a inuwa. Amma babu mai kiran sunansa. Duk wanda ya manta ya kira, ruwan zai amsa, ko da daga cikin ɗaki aka yi kiran, sai gashin jikin kowa ya tashi. A hankali aka daina. In ana son sa, sai a taɓa kafaɗarsa. Jikokinsa aka koya masu su ja masa riga. Ita kanta Yalwa ta daina cewa Baba, don duk lokacin da ta faɗa sai ta ga fuskarsa. Baƙi da suka zo suka ji labarin suka fara cewa Tafkin Na'am, sunan ya zauna.

Tunau ya yi shekara tara a cikinsu. Kullum in rana ta take tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa, sai a gan shi ya fita shi kaɗai, ya zauna a bakin ruwa, ya zura ƙafa a ciki. Mutane sun ɗauka zafi yake ji. Yalwa ce ta bi shi wata rana, ta laɓe bayan ciyawa, ta ji abin da yake zuwa saurare.

Can ƙasa, ƙarƙashin ruwan, wata murya ce ke kira. "Tunau." Wata kuma na amsawa. "Na'am." A jima kaɗan, a sake. Su biyu, suna ta yi, ba sa gajiya.

Shi kuma yana zaune a waje, kansa a karkace, yana saurare. Nan ne kaɗai wurin da ya rage a duniya da ake faɗar sunansa.

Yalwa ta janye daga bayan ciyawar. Ta koma gida, ba ta kuma faɗa wa kowa ba sai da ta tsufa.

Masu bin hanyar sun ce har yanzu ana ji, sai dai amsar ta yi rauni ƙwarai, da ƙyar take fitowa. Mai kiran kuwa muryarsa na nan yadda take. Don haka in Allah ya taɓa kai ɗayanku Zangarma, kada ya kuskura ya bi bakin tafkin nan shi kaɗai da tsakar rana. Ku tafi ku biyu, kuna riƙe da hannun juna. In ɗaya ya ji sunansa, ɗayan ya toshe masa baki tun bai amsa ba.

To, a tashi. Kowa ya kama hannun ɗan'uwansa.